Tafiyar minti shida da aka sa Yaya

Ni fa da likita ya ce za a yi wa Yaya gwajin tafiya sai da dariya ta kusa ƙwace min, wai duk sammakon nan da kuɗin motar da muka kashe ashe tafiya za a sa ta yi a barandar asibiti. Shekara uku kenan tana fama da sikiloroderma, ciwon nan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita har fata ta yi tauri ta ɗame, yatsunta duk sun lanƙwashe, bakin ma ba ya buɗuwa sosai. Sai daga baya na gane ashe ba a fata kaɗai yake tsayawa ba, yana sa huhu ya yi tabo ko jinin jijiyoyin huhu ya hau, kuma su biyun nan ne suka fi kashe masu ciwon.

Nas ta ajiye alama biyu, mita 30 tsakaninsu, ta ce "Hajiya ki yi ta zuwa kina dawowa iya ƙarfinki na minti 6, ba gudu ba, in kin gaji ki tsaya amma agogo ba zai jira ki ba." Ni kuma aka ce in zauna in yi shiru, ko "sannu Yaya" ba a yarda ba don kar in sa ta ƙara sauri.

Rigima ta farko ƴar na'urar auna oksijin ce da ake maƙalawa a yatsa. Hunturu ake, yatsun Yaya sun yi fari fat sannan suka koma shuɗi, abin da likitoci ke kira Raynaud, jini ba ya isa can, na'urar sai ƙyafta ido take ta ƙi nuna komai. Ƙarshe a kunne aka maƙala mata.

Mita 310 ta yi. Mai lafiya yakan yi 400 zuwa 700, wlh gabana ya faɗi. Amma da aka tambaye ta yaya haki, daga 0 zuwa 10, ta ce 3 kawai, gwiwa ce da tafin ƙafa suka tsayar da ita har sau biyu. Likita ya ce matsalar gwajin kenan a wannan ciwon, tun 1982 da aka rage shi daga minti 12 zuwa 6 a Birtaniya don masu ciwon huhu aka yi shi, ba ya bambance gajiyar huhu da ciwon gaɓoɓi. Shi ya sa sai an haɗa da hoton zuciya da gwajin hura iska, kuma da tafiyarta ta yau za a gwada ta nan gaba, in ta ragu da kamar mita 30 sai a bincika.

Wata shida aka ba mu mu dawo a sake gwajin. Yaya dai tun a cikin adaidaita ta ce ranar safar hannu za ta sa, kuma ba za ta sake zuwa da silifas ba.