Wasiƙa daga Amurka: farashin da ke kan tallar mota ba shi ne kuɗinta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da mu.

Dalilin wannan wasiƙa hotunan nan ne da kuke turo mana ta WhatsApp. Mutum zai shiga shafin wani dilan motoci na Amurka, ya ga an ja layi a kan tsohon farashi an rubuta sabo da manyan jajayen lambobi, sai ya ɗauki hoton ya turo: "Don Allah ɗan uwa a taimaka a saya min wannan kafin wani ya riga mu." In aka dawo masa da cewa kuɗin ya haura abin da ya gani da dala dubu uku ko huɗu, sai ka ji ya yi shiru. Ba zai faɗa ba, amma a ransa ya gama yanke hukunci cewa ka ɗora naka. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan wannan, alhali wanda ya yi ɗorin yana can cikin ofishinsa yana shan sanyin na'ura.

Ku sake buɗe hoton, ku duba gefen lambar. Galibi akwai ɗan tauraro, bayaninsa kuma yana can ƙasa cikin rubutun da sai ka matse ido. A ce an rubuta dala 24,995. Kafin a kai ga wannan adadi an riga an cire rangwamen soja, da na wanda ya gama jami'a kwanan nan, da na wanda dama yake da motar kamfanin, wani lokacin har da na wanda zai kawo tsohuwar motarsa a yi musaya. Kowanne rangwamen gaskiya ne shi kaɗai. Amma ina za ka samu mutum ɗaya da ya haɗa su duka? Sau da yawa ma mota ɗaya tak ce ke da wannan farashi a duk filin, in ka je sai yaron dila ya dafa ƙirji ya ce ai jiya da yamma aka ɗauke ta, amma ga wata irinta, zo ka gani. Aikin tallar ya ƙare tunda ƙafarka ta shigo.

Sharaɗin da ya fi ci min rai shi ne na bashi. A wurare da dama, farashin tallar na wanda zai karɓi bashi ta hannun dilan ne. Dalili kuwa, dila yana samo bashin daga banki a kan wani kuɗin ruwa, ya ƙara nasa a kai kafin ya miƙa maka, bambancin ya zama la'adarsa. Saboda haka mai kuɗi a hannu, wanda ya yi shekaru yana tari don ya guje wa riba, shi ne baƙon da ba a murna da zuwansa. Da ka ce lakadan za ka biya sai fuska ta canja, a ce to ai wancan farashin bai shafe ka ba.

Sai kuma ɗakin ƙarshe, inda ake sa hannu. A lokacin ka yi awanni a zaune, an ba ka ruwa, mai sayarwa ya tashi ya je wurin manaja ya dawo ya sake tashi, duk ka gaji. Nan takarda take fitowa da layukan da babu su a talla. Akwai kuɗin cika takardu, wanda jihar Kalifoniya ta ƙayyade shi a dala 85, Niyok a dala 175, amma a Fulorida babu iyaka, har yakan doshi dala dubu a kan aikin da bai wuce buga 'yan shafuka ba. Akwai kuɗin iskar naitirojin da aka ce an ɗura a tayoyi, da na zana lambar jikin mota a gilashi, da na man kare fenti. In ka ce ba ka so, amsar a shirye take: an riga an saka, ba ya ciruwa. Haraji da rajista kam na hukuma ne, kowace jiha da nata, ba a kansu nake kuka ba.

Kada ku ɗauka babu doka. Tun 1958 aka wajabta manna wa kowace sabuwar mota takarda a gilashi mai nuna farashin da kamfani ya ba da shawara, ana kiranta da sunan Sanata Mike Monroney na Oklahoma wanda ya kawo dokar. Sai dilolin suka koma manna tasu ƙaramar takardar a gefenta, mai ɗauke da ƙari. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya sa motoci suka yi wuya, wasu sun riƙa ɗora dubban daloli a wannan takarda da sunan yanayin kasuwa kawai.

Hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, takan kama wasu. A 2022 rukunin dilolin Napleton ya amince ya biya dala miliyan 10 kan zargin cusa wa masu saye ƙarin kayan da ba su nema ba, da kuma cajin baƙaƙen fata fiye da sauran. A Disambar 2023 hukumar ta fitar da ƙa'idar da za ta tilasta wa dila ya faɗi ainihin farashin da kowa zai iya sayen mota da shi. Ƙungiyar dilolin motoci ta ƙasa baki ɗaya da ta jihar Texas suka garzaya kotu, a Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara da ke New Orleans ta soke ƙa'idar, bisa hujjar cewa hukumar ta tsallake wani mataki na sanarwa. Wato ba a ce dilolin suna da gaskiya ba, amma an bar su yadda suke. A ganina wannan ya isa ya nuna muku ƙarfin da suke da shi a ƙasar nan.

Wani abin da sababbin zuwa ke ruɗuwa a kai: ana yawan cewa a Amurka kana da kwana uku ka mayar da abin da ka saya. Wannan ƙa'ida ba ta shafi motar da ka saya a wurin dila ba. In ka sa hannu ka fita da ita, ta zama taka, sai dai in yarjejeniyar ko dokar jihar ta ba ka wata kafa.

Abin da muke yi a nan shi ne, ba ma taka ƙafa wurin dila sai ya turo ta imel jimillar kuɗin da za a biya a fita da mota, layi-layi, tare da lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17. Wanda ya ce sai dai ka zo mu zauna, mun san inda ya dosa, sai mu nemi wani. Don haka in kun aiko ɗan uwanku sayen mota, wannan takardar za ku ce ya turo muku, da ita za ku yi masa hisabi. Kuɗin jirgin ruwa da na kwastan kuma lissafinsu daban, ba su cikinta.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Amurka