Kejin kyanwa

Yau na sauko da kejin kyanwarmu daga saman kabad, don a nan Houston lokacin guguwa daga 1 ga Yuni yake kamawa har ƙarshen Nuwamba. Tana hango shi ta shige ƙarƙashin gado, sai ƙwayar ido. Na zuba kifin gwangwani a ciki, na bar ƙofar a buɗe, na koma gefe. Sai da aka kusa awa guda ta saka ƙafa ɗaya, tana shinshine-shinshine.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta ce in saba mata tun kafin ranar gudu. Ita a guguwar Katrina ta 2005 ta baro karenta a New Orleans, don a lokacin motocin kwashe mutane ba sa ɗaukar dabba. Har yau in ta ambace shi sai muryarta ta yi rawa. Da dariya nake wa masu adana katin rigakafin kyanwa, yanzu nata yana jaka ɗaya da fasfona.