Abin da rajistar fursunoni mata ta koya mini

A zangon ƙarshe na digirina na biyu a tarihi, aka ba ni aikin rubuta takarda a kan matan da Ingila ta kwasa zuwa Ostireliya don su yi zaman hukunci a can. Na ɗauka aikin mako biyu ne, tunda kayan aiki a zube suke: hukumar adana kayan tarihi ta Tasmaniya ta ɗora rajistocin fursunonin a intanet. Ga sunan kowace mace, ga tsawonta, launin idonta, tabon jikinta, da duk laifin da aka ce ta yi bayan ta sauka daga jirgi.

Na kwashe abin da na gani na shirya shi tsaf. Daga 1788 zuwa 1853 an kai mata wajen 25,000, kusan rabinsu tsibirin da a lokacin ake kira Ƙasar Van Diemen, wato Tasmaniya ta yau. Yawancinsu ƙananan sace-sace ne suka kai su, riga ko agogo ko ƙyalle, kuma shekara bakwai ce hukuncin da aka fi yankewa. Sai na ƙara da cewa mata ne masu taurin kai da rashin kunya, don haka na gani a rubuce shafi bayan shafi.

Malamina ya dawo mini da takardar, ya zagaye wannan jimla da jan biro. Ya ce, "Malama, ke kika gan ta tana rashin kunyar?"

Na ce, "A'a Malam, a rajista yake."

"To, wa ya rubuta rajistar?"

Ranar na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma da na koma na sake karantawa, sai na ga abin da ke gaban idona tun farko. Matan nan rarraba su ake yi gidajen masu hali su yi aikatau, yawanci ba lada sai ci da sutura. In uban gida ya kai ƙara wajen majistare, maganarsa ce ke shiga littafi. Abin da ya faru a cikin gidan kafin ta ɗaga murya, ko dalilin da ya sa ta fice da dare ba izini, ba a ware masa gurbi a shafin ba. Ai mai alƙalami a hannu ba ya rubuta kansa ɗan wuta.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan Cascades na Hobart, babban birnin Tasmaniya, wanda aka buɗe a 1828. Sunansa masana'antar mata, amma kurkuku ne, ana wanki da ɗinki da kaɗi. Macen da ta ɗauki ciki a gidan aikatau nan ake mayar da ita ta haihu. Jariri na wata shida zuwa tara sai a yaye shi dole, uwar kuma a tura ta ajin masu laifi ta yi wata shida, don cikin ma laifi ne. Wanda ya yi cikin ba kasafai ake nemansa ba. Ɗakunan renon a cunkushe suke, ga danshi, jarirai suka yi ta mutuwa. A rajistar uwar, duk wannan layi ɗaya ne ko biyu.

Da na fara karatu da wannan ido, har "tarzoma" ta canza mini kama. A 1827 matan gidan Parramatta, wani kurkukun mata da ke kusa da Sidni, sun ɓalle ƙofa sun shiga gari neman abinci, bayan an taɓa musu rabonsu na shayi da sukari. Hukuncin da suka fi tsana kuwa shi ne a aske musu kai ƙwal.

Na kusa faɗawa wani ramin kuma, na cika takardar da labarin Mary Reibey, yarinyar da aka kama da satar doki, ta isa Sidni a 1792, ta zama babbar 'yar kasuwa, yau hotonta na kan takardar dala 20 ta ƙasar. Labari ne mai daɗi, amma Malam ya rage shi zuwa layi uku, ya ce mutum ɗaya ba ya tsaya wa dubbai. Wannan karon ban yi musu ba.

Na sake rubuta takardar daga tushe. Duk inda na ce "ta yi rashin kunya" na mayar da shi "uban gidanta ya kai ƙararta cewa ta yi rashin kunya". Babin ƙarshe na ba bargon da matan jirgin Rajah suka ɗinka a hanyarsu ta zuwa Hobart a 1841, da allura da zaren da ƙungiyar Elizabeth Fry, wata 'yar Ingila mai fafutukar kyautata rayuwar fursunoni, ta raba musu. Ƙyallaye 2,815 suka harhaɗa, yanzu yana ajiye a Kanbera. Rubutun da ke jikinsa godiya ce ga matan kwamitin da suka ba da kayan, babu sunan ko ɗaya daga cikin maɗinkan. Akwai dai ɗigon jini nan da can, inda allura ta soki yatsa.