Wasiƙa daga Janiba: amsar da na kasa ba ƙanena ta waya

Assalamu alaikum jama'ar Jos da Bukuru da Barikin Ladi, manya da yara. Ina gaisuwa, da fatan an ji da sanyi. Mu a nan ba a magana, sanyin Filato da muke cika baki da shi ashe ɗan wasa ne.

Shekarata bakwai ke nan a Janiba ta ƙasar Suwizalan, ina tuƙa motar ɗaukar baƙi. Watan Yuni shi ne kakarmu mu direbobi, domin a lokacin ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ke babban taronta, wakilai daga ƙasashe 187 su cika gari har ɗakin otal ya yi wuya. Ba wanda ke tambayar direba ra'ayinsa, amma abin da aka faɗa a kujerar baya ba ya wuce kunnensa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami saƙon murya ne daga ƙanena, malami a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Jos. Ya ce an yi ta shelar mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, shi kuwa ko ƙamshinta bai ji ba, wai dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Sai ya ce: "Yaya, ku da kuke garin ILO, su ba za su sa baki ba ne?" Na yi ta juya maganar. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, kuma na san ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba.

Akwai wani tsohon gini a bakin tafkin garin nan da nake yawan sauke baƙi a ƙofarsa. An buɗe shi a 1926 a matsayin gidan ILO, da makullai uku: ɗaya na gwamnatoci, ɗaya na masu ɗaukar ma'aikata, ɗaya na ma'aikata. Haka tsarin ƙungiyar yake tun kafa ta a 1919, kamar duwatsun murhu. Kowace ƙasa tana turo wakilan gwamnati biyu, na masu kamfanoni ɗaya, na ma'aikata ɗaya, kuma kowa da ƙuri'arsa. Wakilin ƙwadagon Nijeriya yana iya tashi ya ƙaryata ministan ƙasarsa a gaban duniya, ba mai hana shi. Yarjejeniyar farko da suka yi ita ce ta aikin awa takwas a yini, awa 48 a mako. To, yau idan ka ce a kai ka wannan gini, Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, za ka tarar a ciki, a ƙarƙashin 'yar ƙasarmu Ngozi Okonjo-Iweala. ILO ta tashi tun a shekarun 1970 ta koma kan tudu. Da masu harkar ciniki suka tare, har wasu zane-zanen leburori da ke jikin bango aka rufe, sai bayan shekaru da yawa aka sake fito da su. Duk ranar da na tsaya a ƙofar ina jiran baƙo, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Kakana ba ɗan Filato ba ne. Daga ƙasar Katsina aka kwaso shi a abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa inda ta fi samun kuza ga yaƙi ya yi zafi, sai ta waiwayo kanmu. Aka ɗora wa sarakuna da hakimai adadin ƙartin da kowa zai kawo, aka yi ta jigilar dubun-dubatar manoma zuwa filayen kuza har 1944. Mutanen da ba su taɓa sanin sanyin dutse ba, ba bargon kirki, ba isasshen abinci. Da yawa ba su koma gida ba, musamman waɗanda aka kai aikin madatsar Tenti. Kakana ya rayu, ya zauna a Bukuru, amma har ya koma ga Allah bai daina tari ba.

Sai da na zo nan na san cewa tun 1930 ILO ta yi yarjejeniya mai lamba 29 da ta haramta aikin tilas, kuma Ingila ta amince da ita shekara guda bayan haka. Ashe a cikin takardar an bar ƙofa: in yaƙi ya tashi, haramcin ba ya aiki. Ta wannan ƙofa aka shigo da kakana.

Kuzar ma ba a Jos aka yanke mata hukunci ba. Akwai majalisar kuza ta duniya a Landan, Nijeriya na cikinta, wadda ke saye tana ɓoyewa don kada farashi ya faɗi. A Oktoban 1985 kuɗinta ya ƙare, kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, farashi ya zube da kusan rabi. Dama harkar ta daɗe tana ja da baya, wannan ya ƙarasa ta. Abin da aka bar mana kududdufai ne da ke cin yara da dabbobi.

A wannan shekarar ce kuma Janar Babangida ya ce 'yan ƙasa su yi muhawara kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Jama'a suka ce ba sa so, gwamnati ta ce ta ji. Ba a karɓi kuɗin ba, amma a 1986 aka kawo SAP, wato shirin gyaran tsarin tattalin arziki, kuma sharuɗɗan nan ne dai suka dawo da wata riga: a karya darajar naira, a rushe hukumomin sayen amfanin gona, a rage ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati, a janye tallafi. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta koma wajen huɗu a dala ɗaya cikin 'yan watanni. A farkon 1988 aka rushe shugabancin Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, NLC, aka naɗa mata kantoma. A Afrilun shekarar aka ƙara kuɗin fetur daga kwabo 39 da rabi zuwa kwabo 42, kuma daga ɗaliban Jami'ar Jos wutar ta tashi kafin yajin aiki ya bazu a ƙasa. Kwabo biyu da rabi! Yaran yanzu in an ba su labari dariya suke yi.

IMF da Bankin Duniya, waɗanda aka haifa a taron Bretton Woods a 1944, suna Washintan ne, kuma a can nauyin ƙuri'arka gwargwadon jarinka. Amurka kaɗai tana da sama da kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'un IMF, manyan shawarwari kuwa sai da kashi 85, wato in ta ce a'a magana ta mutu. Nijeriya da duk yawanmu ba mu kai kashi ɗaya ba. Tun kafuwarsu Ba'amurke ke shugabantar Bankin, ɗan Turai ke riƙe da Asusun. Waɗanda ke zama a teburin ministocin kuɗi ne da gwamnonin manyan bankuna, babu kujerar lebura. Su ne kuma masu kuɗi, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. ILO da ke da kujerar lebura, wadda tun 2022 ɗan Togo Gilbert Houngbo ke shugabanta, ba ta ba da bashi, ba ta cin tara, ba ta da ɗan sanda. Makaminta rahoto da kunyatarwa.

Kada in yi mata rashin adalci, kunyar tana aiki wani lokaci. Bayan Abacha ya rushe shugabannin NLC da na ƙungiyoyin ma'aikatan man fetur a 1994, ya kulle Frank Kokori, jagoran ma'aikatan man, shekaru, ILO ta kafa wa Nijeriya kwamitin bincike a 1998, wanda shi ne mataki mafi tsanani da ta saba ɗauka. Da Janar Abdulsalami ya hau aka saki mutanen aka soke dokokin da suka rushe shugabannin ƙungiyoyin. Mutuwar Abacha ce ta buɗe hanya, amma matsin na nan yana jira. Kuma har gobe lauyan ma'aikaci yana iya kafa hujja da yarjejeniyoyin da Nijeriya ta sa wa hannu a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A taron WTO na Singafo a 1996 an kawo shawarar a ɗaura haƙƙin ma'aikata da cinikayya, ta yadda ƙasar da ke danne ma'aikatanta za ta gani a kasuwa. Gwamnatocin ƙasashe masu tasowa ne suka fi kowa ƙi, suna cewa dabara ce ta Turawa don toshe wa kayanmu hanya. Akwai gaskiya a tsoron nasu, ban musa ba. Amma da aka tashi, sai aka mayar wa ILO maganar, aka bar ta inda ba a cizo. Haka ma cire tallafin mai. IMF ta daɗe tana nanata shi a rahotanninta, amma manyan 'yan takara uku na 2023 duk sun yi alkawarinsa da bakinsu, kuma ba Bature ba ne ya tsaya a Dandalin Eagle na Abuja ranar 29 ga Mayu ya ce tallafi ya tafi, Shugaba Tinubu ne. Fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, ƙarin albashi kuwa sai Yulin 2024. A watan Yunin 2024 ɗin Bankin Duniya ya amince da bashin dala biliyan 2.25 don ƙarfafa waɗannan gyare-gyare. Ku yi lissafi da kanku: naira 30,000 ta 2019 ta haura dala 80, naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba. Ƙa'idar ma'aikata 25 da ta fitar da ƙanena kuwa a Abuja aka rubuta ta, 'yan majalisar da muka zaɓa suka amince.

Akwai kuma waɗanda ko a Janiba ba a jin muryarsu. Wakilin ma'aikata daga ƙungiyoyi masu rajista yake fitowa, alhali mafi yawan masu neman abinci a Jos ba su da takardar ɗaukar aiki: 'yan dako a Farin Gada, masu Keke, makanikan Dilimi, da samarin da suka koma haƙar kuza a ramuka kamar rijiya, ana zura su da igiya, in ƙasa ta rufta sai dai a yi jana'iza. Kuzar nan ita ce dalmar da ake liƙa kayan cikin wayar da nake rubuta muku da ita. A 2022 ILO ta sa lafiya da tsaro a wurin aiki cikin haƙƙoƙin da ke kan kowace ƙasa, na ɗauki wasu wakilai a daren suna ta murna a mota. Ban ce musu komai ba, na dai tuna ramukan bayan Bukuru.

Ƙanena, ga amsarka: ILO ba za ta zo makarantarku ba, kuma ba ta karɓar ƙarar mutum shi kaɗai, sai ta hannun ƙungiya. Dokar 2024 ta ce a riƙa sake duba albashin bayan shekara uku, ke nan 2027. Ku haɗu da malaman sauran ƙananan makarantu tun yanzu, ku je ofishin ƙwadago na jiha, ku nemi a sa maganar ma'aikata 25 ɗin nan a cikin abin da za a kai teburi. In Yuni ya yi kuma Allah ya haɗa ni da wakilan namu a mota, zan ajiye kunyar direba in tambaye su ko takardarku ta iso.

A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafar yana hannun wanda zai taho ƙarshen wata. In da hali a ba shi acca ya riƙo mini.

Naku,
Wani ɗan Bukuru a Janiba