Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kunkurun Baba

Makon jiya na tsaya a dawowata daga Kaduna, na kuma yi alkawarin shiga maganar rabon gida. Ku yi mini haƙuri, ba yau ba. Ɗazu da hantsi na tarar da Dattijo, kunkurun Baba, yana shan rana a bakin raminsa, na shafa bayansa, sai tudun nan na ƙoƙon bayansa suka sake tsaya mini a rai.

Daga wajen Illela Baba ya zo da shi, lokacin bai fi tafin hannu ba. Irin manyan kunkurun tudu ne na ƙasarmu, masu ƙaya a cinya, waɗanda in an cire na tsibiran Galapagos da Aldabra babu mai kai su girma a duniya. A gidanmu na Rijiyar Ɗorowa ba a taɓa zuba masa abinci a kwano ba. Da damina ya yi kiwon kiri-kiri da harkiya a bayan ɗaki, da rani ya bi tumaki yana tsintar ingiricin da suka zubar. In muka miƙa masa lomar tuwo, Baba ya doke hannun mutum, ya ce, "Ku bar shi. Yunwa ba ta kashe kunkuru, gata ka kashe shi."

Baba ya rasu, aka yi mini aure, muka tafi. Shekara 6 Dattijo ya yi a gidan Yaya a Mabera, inda Goggo ta koma da zama.

Ba zan manta ranar da na je ɗaukarsa ba. Tsakar gidan duk siminti, ramin da ya fara haƙa a gindin katanga an toshe shi da bulo wai kada ya kayar da gini. Ga wani tsohon faranti a gabansa, shinkafa da mai da ragowar tuwo da ɓawon kankana, ƙuda na bi. Kashinsa ruwa-ruwa, yana wari. Ƙoƙon bayan da na sani sumul kamar bayan ƙwarya ya yi tudu-tudu, kowane gida ya taso da kansa. Goggo kuwa har da alfahari take gaya mini yanzu ko nama aka ba shi ci yake.

Wani likitan dabbobi da maigidana ya sani ya zo ya duba shi. Ya ce cikin wannan dabba na mai kiwo ne, an yi shi don ciyawa mai tauri da ke daɗewa kafin ta narke. Kayan zaƙi suna tsinka masa ciki, nama da wake kuma suna wahalar da ƙoda har su kawo tsakuwa a mafitsara. Tudun bayan, in ji shi, daga abincin ne da kuma rashin rami, domin a cikin rami yake samun danshi lokacin da zafin Sakkwato ya haura digiri 40 a watan Afrilu. Na tambaye shi ko za su koma. Ya ce abin da ya riga ya fito ya fito, sai dai a gyara na gaba. Maganar Baba ce dai, likita ya maimaita ta da ilimin boko.

Na je Kara na sayo ingirici, na zaɓi mai ƙamshi wanda bai yi fumfuna ba. Mai sayarwa ya so ya haɗa ni da harawa, na ƙi, don likita ya ce ta yi masa ƙarfi a ce ita ce abincin kullum. Na zuba masa. Ya sunsuna, ya taka ta ya wuce. Washegari haka. Kwana 11 yana zuwa ƙofar kicin yana tsayawa, wuya a miƙe, yana jiran faranti.

A cikin kwanakin nan ne aka yi sunan ɗiyar ƙanwata, mata cike da gidana. Goggo ta dube shi, ta dube ni, ta ɗaga murya: "Ke ɗiyag ga, ba ki tsoron Allah? Mi ya yi miki? Kin mance macen da ta shiga wuta saboda kyanwa?" A gaban dangin mijina ta faɗi haka. Ni da na san ruwan da nake zaunar da shi a ciki kowace safiya, mai ɗumi, iya haɓarsa, har ya sha ya fitar da farin abin nan mai kamar alli. Ni da nake duba idonsa da hancinsa kullum, don likita ya ce in ido ya faɗa ko hanci na yoyo to ciwo ne, a kira shi. Ban ce mata komai ba, ƙanwar ubana ce. Amma na shiga ɗaki na yi kuka, har yau kuma in na tuna sai na ji ɗacin.

Na gane kuskurena ɗaya: na yi masa sauyin a rana guda. Sai na sake dabara. Na riƙa yanka ingiricin da almakashi ƙanana-ƙanana, in jiƙa a ruwan ɗumi har ya yi laushi ƙamshinsa ya tashi, in yayyanka ganyen sure a ciki yadda ba zai iya tsincewa ba, in matse jan kankana a kai. Ja yana jansa ƙwarai. Ba na ba shi da sassafe, sai rana ta gasa shi jikinsa ya saki, don kunkuru in bai ji ɗumi ba ko me ka ajiye ba zai kula ba. Shi ya sa da hunturu cinsa ke raguwa. Kowane mako in rage kankana in ƙara ciyawa. Ɓawon ƙwai kuma in dafa, in daka, in barbaɗa kaɗan saboda ƙashi.

Na tuna shekarar 2019 da aka yi ta labarin mutuwar kunkurun fadar Ogbomosho, wanda aka ce ya shekara 344. Yaya ya kira ni yana dariya, wai nawa ma zai binne mu duka. Bai taɓa cewa a yi haƙuri da abin da aka yi masa a gidansa ba. Ko sau ɗaya.

Wata na uku ne, ina wanki, na ji wani ƙaras-ƙaras a bayana. Na waiga, ga Dattijo ya sa ƙafa ya danne busasshen ingiricin da na ajiye wa tunkiya, ba jiƙo ba kankana, yana fizga da baki. Na bar wankin na zauna a kan turmi ina kallonsa har ya gama. Kashinsa ya dawo dunƙule, ana ganin zaren ciyawa a ciki, kamar yadda na saba sharewa a gidan Baba. Sabon girman da ya yi daga baya a kwance yake, kana iya bin layin da yatsa ka ga inda shekarun Mabera suka tsaya.

Goggo ta zo ta gan shi yana ci. Abin da ta ce kawai, "Yunwa ta sa shi." Gata ka kashe shi, Goggo, haka yayanki ya ce, kuma kina wurin.

Da aka zo rabon gida, kunkurun ne kaɗai abin da babu wanda ya yi jayayya da ni a kansa. Daga nan zan ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.