Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Makon da Na Fara Sauke Kaya

Makon jiya mun tsaya inda likita ta faɗa mini abin da ke tare da ni tun ƙuruciya: galahanga marar tsanani (autism, lalurar da ke sa cuɗanya da mutane da jure hayaniya su yi wa mutum wuya), haɗe da ADHD, matsalar nan ta kasa tsayar da hankali wuri guda. Wasunku sun tambaya yaya mutum ɗaya zai haɗa biyu. Likitar ta ce kafin 2013 littafin ƙa'idojin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ma bai yarda a rubuta wa mutum duka biyun ba, a shekarar aka gyara. Sharaɗi ne kuma alamun ADHD su bayyana kafin shekara 12, shi ya sa ta ce in zo da wanda ya san yarintata. Addata, wato yayata, na ɗauka, ita kuwa ta zazzage komai, har da yadda nake toshe kunne in ruga ɗaki in an kunna injin markaɗe a layinmu na Jekadafari.

Na zaci magani kawai za a ba ni. An yi maganar magani, amma aikin da ta fara ba ni na takarda da biro ne. Ta ce in rubuta duk abin da ake jira daga gare ni a mako guda, komai ƙanƙantarsa. Girki da ɗinki da wanki na sa a sama, don su na sani da sunan aiki. Sauran sai suka yi ta fitowa: tunanin me za a dafa, amsa gaisuwar maƙwabta ta katanga, sauraron saƙon murya a zauren WhatsApp na dangi, na 'yan ajinmu, na adashe, na Islamiyya, zaɓen kayan da zan sa, cinikin tumatir, neman canji, suna, biki, dubiya, barka, jaje. Takarda ta cika ciki da baya. Babu ko ɗaya mai nauyi in ka ɗauke shi shi kaɗai, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Bayanin da ta yi mini shi ne, masu irin ƙwaƙwalwata ba aikin kansa ke cinye mu ba kamar fara shi, da yanke shawara a kansa, da barin wani a koma wani. Zan iya zama kan keken ɗinki daga hantsi har La'asar ban gaji ba. Amma a katse ni sau uku da sallama, shi ke nan, ranar ta lalace, sai in tsaya tsakar gida da almakashi a hannu na manta abin da na fito yi. Abin da aka yi shekaru ana kira son jiki ke nan.

Daga kicin na fara, don nan ne ikona. Na tsara abincin mako na manna a bayan ƙofa: Asabar tuwon masara miyar kuka, Lahadi shinkafa da wake, Litinin ɗanwake, haka har Juma'a, kuma ba ya canzawa. Markaɗe sau ɗaya ake kai mini, in soya shi sosai da mai ya ƙone ruwansa, saboda firji a garin nan sai yadda wuta ta ga dama. Kasuwa na daina shiga gaba ɗaya. Hayaniyar babbar kasuwar Gombe, ga hon ɗin Keke Napep, ga masu jan mayafi suna "Hajiya me kike nema", takan kwantar da ni har washegari. Yanzu ƙanin maigida nake rubuta wa, in ba shi kuɗin mota da ɗan na kati. Tufafi kuma na ware atamfofin da suka sha wanki suka yi laushi, leshi mai ƙaiƙayi na raba wa masu so. Ban taɓa iya bin agogo ba, sai na rataya ayyukan a jikin salla: bayan Asuba kayan makarantar yara, bayan Azahar ɗora tukunya, bayan La'asar duba waya. Kiran salla ba ya buƙatar in tuna da shi, shi yake zuwa ya same ni.

A sana'a na yi abin da abokan ɗinki suka kira wauta. Na daina karɓar anko. Anko akwai kuɗi, ban musa ba, amma mata ashirin ne da salo ashirin, kowacce da hoton da ta ciro daga waya, kowacce ta kira ta canza wuya ko hannu. Na koma ɗinkin kayan makaranta da hijabai, yanka iri ɗaya, awo kawai ke bambanta. Kuɗin shiga ya ragu kaɗan, amma tun daga lokacin ban ƙara saɓa wa kowa alkawari ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar zumunci ne. Na karanta shawarwarin Turawa a intanet, suna ta cewa mutum ya koyi cewa a'a. Wanda ya rubuta haka bai taɓa zama sarakuwa a gidan gandu ba. A nan zumunta a ƙafa take, kuma matar da ba a gani a kamu da sa lalle da yini da kai amarya da buɗar kai, sunanta mai girman kai. A'ar da ta fito daga bakina ba za ta karɓu ba, sai an samu babba ya tsaya mini. Don haka muka je wajen Dada, mahaifiyar maigida, ni da Adda, bayan Magariba da gidan ya yi shiru.

Adda ce ta yi bayani, ni ina ƙasa kaina a sunkuye. Dada ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "To 'yar nan, ciwon hauka ne ko iska?"

Na ce, "Dada, ko ɗaya. Haka Allah ya halicci kaina. Taro da ƙara ne suke galabaitar da ni, in na dawo sai in kasa ko girki."

Ta ce, "Shi ne ranar sunan gidan Hammanku kika shige banɗaki kika ƙi fitowa?"

"Shi ne, Dada."

Ta ce, "Ikon Allah. Ni na ɗauka da wata kuka yi."

Ba zan ce ta gane komai ba, har yau in an ambaci abin cewa take "ciwon kan nan nata". Amma ita ta yanke hukuncin da ya fi na likita amfani a wurina: a kowane biki in zaɓi taro ɗaya in je, da wuri kafin masu kiɗa su kafa lasifika, in ba da gudummawata in tafi. Gaisuwar mutuwa da dubiya kuwa babu ragi, kuma ni ma ban nemi ragi a kansu ba, don can zama ake a natse, an san abin da za a faɗa da abin da za a amsa. In an tambayi ina nake, Dada ce ke cewa ita ta sallame ni, kuma babu mai ja da ita a gidan.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Wata goggon maigida da ke Pantami ta ce zamani ne ya zo da cutar ƙin mutane, tun lokacin in na gaishe ta a daƙile take amsawa. Zaurukan WhatsApp kuma ban fita ba, don fita faɗa ce, na dai kashe musu ƙara, Adda ke kirana in akwai rasuwa ko haihuwa.

Ana cikin haka aka sa ranar auren autar su maigida, wadda ni na yi mata kitso tun tana firamare, ta zo da kanta ta ajiye mini atamfar ankonta da ta ƙawayenta a kan keke. Yadda muka ƙare da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.