15 ga Janairu, Monguno

Hazo ya rufe sansani tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. A haka muka jeru don Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. A Abuja shugaban ƙasa na ajiye furanni yana sakin fararen tantabaru, mu kuwa tuta ce da busa da shiru na minti ɗaya. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa. Yaran da ke gadi a bakin rami ba a janye ko ɗaya ba.

Oga ya tuna mana cewa a rana irin ta yau yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ya ambaci mutanenmu da suka kwanta a Burma, da Laberiya, da Saliyo, da Darfur, ya gangaro kan Laftanar Kanar Abu Ali a Malam Fatori a 2016, da na Metele a 2018. Sannan aka karanto sunayen namu na bara.

Ana watsewa ƙaramin kofur ɗina ya tare ni, idonsa jawur.

"Saje, ba a kira sunan direbanmu ba."

Nan take na gane dalili. Nakiya ta tashi da motarsu a hanyar Maiduguri, amma sai bayan makonni ya cika a asibiti, takardar kuwa ta waɗanda suka faɗi a fagen daga ce kawai. Na fara yi masa bayani, ya katse ni.

"Mahaifiyarsa ta kira ni jiya, ta ce in sanar da ita idan an ambace shi. Me zan ce mata?"

Hular sanyin marigayin ce a kansa, wadda gefenta ya warware ya ɗinke da baƙin zare. Na kirawo 'yan ɗakinsu, muka zagaya bayan motoci, na faɗi cikakken sunansa da muƙaminsa da ƙarfi, muka yi masa Fatiha. Na ce kira ta, ka ce an ambace shi, don an ambace shi ɗin. Ina jin muryarta daga nesa tana ta sa albarka.

Abin dai bai bar raina ba. Wanda ya yi jinya ya sha wuyar da ta fi.

Shinkafa da wake da rana, ban iya ci ba. Maman Ummi ta kira, layi ya yanke.

Na rubuta sunansa da lambarsa a takarda. Gobe kafin sintiri zan kai wa akawu da hannuna.